Iyafis mai sola: na saya na gani, amma a rage mana gishiri a talla

Tun ranar da aka raba waya da waya, wato aka cire igiyar nan da ke saukowa daga kunne zuwa aljihu, wani sabon ciwon kai ya shigo mana, shine caji. Duk wanda ya taɓa maƙala iyafis ɗin Bluetooth a kunne ya san abin da nake faɗi, kana tsakiyar magana mai muhimmanci sai ka ji wata mata ta katse ka da Turanci wai batir ya yi ƙasa, kafin ka ce me, ɗif abu ya ɗauke, kai kana ta zuba bayani kana ɗaga hannu ashe mutumin tuni muryarsa ta koma cikin aljihunka yana ta halo halo shi kaɗai. Ya faru da ni ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Shi ya sa ranar da na ga wani mai ɗan farantin sola a bayansa, an rubuta a kwali wai indai da rana to ka rabu da caja, ban wani tsaya dogon nazari ba na saya.

Yanzu da na yi amfani da shi har ya mutu a hannuna na sake wani, ina ganin na isa in faɗi ra'ayina. Abin yana da amfani, ba zan ci amanarsa ba, sai dai amfanin ɗan ƙarami ne kuma ba na kowa bane, sannan manyan abubuwan da ake jingina masa a talla, wai kare muhalli, wai tsira a kan titi, mafi yawansu daɗin baki ne kawai.

Da farko ma ba sabon abu bane kamar yadda wasu ke zato. Ita kanta fasahar Bluetooth kamfanin Ericsson na Suwidin ne ya fara aikinta a 1994, sunan kuma na wani tsohon sarkin Denmak ne, Harald, da ya yi zamani sama da shekara dubu da suka wuce. Iyafis mai sola kuwa tun wajen 2007 wani kamfanin Finlan mai suna Iqua ya fito da nasa, aka ɗan yi ta yayatawa, daga nan kuma shiru kamar an aiki bawa garinsu. Sai a 2021 maganar ta sake tasowa da kamfanin Urbanista suka fitar da hedifon ɗinsu mai suna Los Angeles mai amfani da wani faranti mai lanƙwasuwa da ake kira Powerfoyle na kamfanin Exeger, Adidas ma suka bi sahu a 2022. Amma ku lura da abu ɗaya, waɗannan na baya-bayan manyan hedifon ne masu zagaye kai, farantin yana shimfiɗe a kan madaurin da ke bisa tsakar ka, ba ɗan mitsitsin abin da ake maƙalawa a kunne ɗaya ba. Ko da Urbanista suka zo yin ƙananan na cikin kunne, a jikin ɗan akwatin ajiyarsu suka sa solar ba a jikin abin kunnen ba. Ba wai sun manta bane, lissafi ne ya tilasta musu.

Bari mu yi lissafin tare, ba shi da wuya. Idan rana ta take tsaka, sama tas ba gajimare ba hazo, hasken da ke sauka a kan fili mai faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya ya kai kimanin wat 1000. Farantin silikon mai kyau, wato irin farantin solar da aka saba gani, yana iya juya kusan kashi 20 cikin 100 na wannan ya zama lantarki. To ɗan farantin da ke bayan iyafis bai fi faɗin farcen babban yatsa biyu ba, a yi masa adalci a ce santimita 1 ne a faɗi 4 a tsayi, abin da zai ba ka a rana mafi kyau bai wuce miliwat 80 ba. Batirin irin wannan iyafis kuma a ce mAh 80 ne (ma'aunin girman batir kenan), wato wajen 0.3 na wat-awa, ita wat-awa kuwa wutar da abu mai cin wat 1 ke sha ce a awa guda. Kenan in ka shanya shi yana kallon rana ido cikin ido, kamar awa 4 zai cika. A takarda wannan ba laifi, har ma ya burge.

Matsalar ita ce Allah bai ɗora mana kunne a tsakar ka ba. A gefe yake, a tsaye, yana kallon bango ko kafaɗar na kusa da kai, rabin yini inuwar kanka ce a kansa, in kana da suma ta rufe, in ka sa hula ko mayafi ko hular kwano shikenan labari ya ƙare. Sannan yawancin masu yawan waya ba a rana suke ba, suna ofis ne ko shago ko cikin mota ƙarƙashin rufi. Hasken ɗakin aiki mai kyau bai fi lux (ma'aunin ƙarfin haske) 300 zuwa 500 ba, ita kuwa rana tsaka tana kai 100,000, wato ta ninka shi sau 200 ko fiye. In ka bi lissafin kai tsaye waccan awa 4 ta koma awa 800, sama da wata guda kenan fitila na kunne dare da rana. Ni da kaina na gwada, na ajiye nawa a kan tebur ƙarƙashin ƙwan fitila daga safe har yamma, ɗan jan hasken nan da ke nuna yana shan caji yana ta ƙyaftawa yana yaudarata, da na sa a kunne ko gaisuwa ba mu gama ba matar nan ta dawo.

Wani zai ce ai kalkuleta ma da hasken ɗaki take aiki shekara da shekaru, haka agogon hannu mai sola, har rimot ɗin talabijin yanzu akwai mai sola. Gaskiya ne, amma su waɗannan lasar wuta suke ba sha ba, abin da kalkuleta ke ci ko kusa bai kai na na'urar da ke ɗaukar murya tana tace hayaniya tana aika sigina zuwa waya tana kuma kaɗa sifika a lokaci guda ba. Shi kuma sabon farantin nan irin su Powerfoyle, asalinsa daga binciken da Michael Grätzel da Brian O'Regan suka fitar a 1991 ne, wani irin rini ake amfani da shi yana kama haske, kuma ya fi silikon haƙuri da raunin haske da hasken da ya zo ta gefe. Wannan ci gaba ne na gaske. Amma dai komai ƙwazon faranti abin da ya sauka a kansa zai tattara, ba zai ƙirƙiro hasken da babu ba.

To ina amfanin yake? Inda na ga kwalliya ta biya kuɗin sabulu shine lokacin jira. Iyafis ya fi daɗewa yana zaman jiran kira fiye da yana aiki, a wannan zaman kuwa ɗan kaɗan yake ci, to ɗan abin da sola ke ɗigawa ya kan rufe wannan giɓin har da ɗan ragowa. Sai ka ga abin da da kullum kake jonawa ya koma bayan kwana uku ko huɗu. Mai aikin waje kuma, mai kai saƙo a keke, mai aikin gini, manomi, masunci, mai gadi, wanda yini yake rana na dukansa hannayensa kuma duk suna riƙe da wani abu, shi kam abin nasa ne, ban da ja a kai. Haka wanda yake inda lantarki bai tsaya ba, kuma har yau sama da mutum miliyan 600 a duniya ba su da lantarki kwata-kwata. Sai dai ko nan ma akwai wata tambaya da masu talla ba sa son a yi, ita wayar fa? Batirin wayar zamani ya ninka na iyafis kusan sau 50, in ta mutu iyafis ɗinka ko ya cika ya batse ya zama ɗan kunne kawai. Wanda ke fama da rashin wuta gara ya sa kuɗinsa a faranti mai ɗan girma da zai ciyar da waya da fitila da iyafis ɗin baki ɗaya.

Yanzu ga abin da ya kashe nawa na farko, kuma laifina ne rabi. Da na fahimci a kunne ba ya samun rana sai na ɗauki ɗabi'ar in na faka mota in ajiye shi a kan dashbod, ina jin kaina wani mai dabara, in je in dawo in tarar ya cika. Wata rana na ɗauka sai da na sake shi don zafi, kamar ka taɓa murfin tukunya. Ashe batirin lithiyom ba ya shiri da zafi, ƙa'idarsa in ana cajinsa kada ya wuce digiri 45, dashbod ɗin motar da aka rufe a rana kuwa yana iya haura 70. Kun ga rikicin da ke cikin abin nan tun daga ƙira, faranti yana roƙon rana, batir yana gudun zafi, an kuma haɗa su an manne a gida ɗaya kamar kishiyoyi. Bayan 'yan watanni sai na ga gefensa ya ɗan buɗe, batirin ya kumbura, cajin da ke kai ni yini ya koma minti ashirin.

Na kai wa mai gyara, ya jujjuya shi ya sa farce ya nemi inda zai buɗe bai samu ba, ya ce "Yallaɓai wannan ai ba a yi shi dan a buɗe ba, gam ne ko ina, in na ɓalle shi ba zai koma ba, ka haƙura ka sayi wani." Farantin lafiyarsa ƙalau, sifika ƙalau, makirfo ƙalau, ɗan batirin da bai kai ƙwayar wake biyu ba shi kaɗai ya ja duka zuwa bola.

Anan ne maganar kare muhalli ta fara ba ni dariya. Ka ce kullum sai ka cika batirin nan daga soket, 0.3 sau 365, wajen wat-awa 110 kenan a shekara guda cur. Ƙwan fitila mai wat 10 in ya yini ya ɗan taɓa dare a kunne ya cinye wannan. Wato duk wutar da sola ta tanadar maka a shekara ba ta kai ta guga na minti goma ba. Nauyin da irin waɗannan ƙananan kaya ke ɗora wa duniya ba a wutar cajinsu yake ba, yana wajen haƙo ma'adinan da aka yi su da shi, da ƙera su, da jigilarsu, da kuma jefar da su. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna a 2022 kaɗai an tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62, abin da aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa bai kai kwata ba, kusan kashi 22 ne. Farantin sola na kan rufin gida ana ba shi shekara 25, batirin lithiyom kuwa in ya yi zagayen caji 300 zuwa 500 ya fara sanyi, to an ɗauki abu mai tsawon rai an ɗaura masa aure da mai gajeren kwana ba saki ba yaji, sannan a zana mana koren ganye a kwali.

Ni a ganina in kamfani da gaske yake, ya yi iyafis mai ɗan sukurori biyu da za a kwance a canza batir, wannan ya fi faranti goma. Tarayyar Turai ta fara bin wannan hanyar, tun ƙarshen Disamba 2024 ta wajabta bakin caja iri ɗaya na USB-C ga wayoyi da hedifon da makamantansu, akwai kuma dokar batir ta 2023 da daga 2027 za ta fara neman a riƙa ƙera kaya yadda za a iya cire batir a sa wani. Ba a cika yi wa irin wannan doka tafi ba saboda ba ta da ƙyalƙyali, amma ita ce za ta rage bolar ba ɗan baƙin gilashin bayan kunne ba.

Duk wannan mai sauƙi ne, asarar kuɗi ce da shara. Abin da ya fi damuna shine hoton da kusan kullum ake sawa a kwalin, mutum a mota hannu biyu a sitiyari yana murmushi yana waya, saƙon a fili yake, sayi wannan ka tsira. Kuma dokoki ne suka gina wannan tunanin ba da niyya ba, jihar New York ta hana riƙe waya a hannu ana tuƙi a 2001, Birtaniya ta bi a 2003, ƙasashe da yawa suka kwaikwaya, amma aka bar ƙofar magana ba tare da riƙewa ba a buɗe, sai kowa ya ɗauka ai matsalar hannu ce. Alhali tun 1997 wasu masu bincike biyu a Toronto, Redelmeier da Tibshirani, sun bi bayanan wayar direbobi 699 da suka yi hatsari, suka gano haɗarin yana ninkuwa kusan sau 4 lokacin da mutum ke waya, kuma ba su ga wani rangwame ga waɗanda ba su riƙe wayar a hannu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma abin da take faɗi kenan har yau, cewa rashin riƙewar bai wani fi riƙewa aminci sosai ba. A Jami'ar Utah, David Strayer da abokan aikinsa sun sa mutane a na'urar koyon tuƙi a 2006, suka ga mai waya, ko a hannu ko a kunne, lalacewar tuƙinsa ta yi kusa da ta wanda ya sha giya har iyakar da doka ta yanke. Faransa kam ba ta tsaya wasa ba, daga 1 ga Yuli 2015 ta hana direba sa komai mai sauti a kunne, har da mai babur da mai keke.

Ni ba sai an kawo min bincike ba ma. Wata rana ina tuƙi a hanyar da na sani kamar tafin hannuna, ƙanina ya kira a kan wata maganar kuɗi da ta ɗan yi zafi, hannuna biyu a sitiyari, idona a titi, wallahi ban ƙyafta ba, amma sai da muka gama na ga na wuce kwanar da zan shiga da nisa, kuma da za a ɗora min wuƙa in faɗi abin da na wuce a wannan tsakanin ba zan iya ba. Ido na kallo, mai idon baya nan. Da wani yaro ya tsallako a lokacin fa? A gudun kilomita 100 a awa mota tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, jinkirin rabin daƙiƙa kafin ƙafa ta kai burki tsawon mota uku ne. Taura biyu ba ta taunuwa, iyafis bai ƙara wa kowa haƙora ba.

Akwai masu cewa to ai hira da fasinja ma magana ce. Ba ɗaya bane. Wanda ke kujerar gefe yana ganin abin da kake gani, in babbar mota ta yanko shi da kansa zai yi shiru ko ya ce kai kula, shi kuwa na cikin waya yana kwance a ɗakinsa, daidai lokacin da kake ƙoƙarin kaucewa rami yake cewa kana jina kuwa, me ya sa ka yi shiru.

Zan yarda da abu ɗaya dai, in har mutum ya rantse sai ya yi wayar nan, gara ta kunne da ya riƙa laluben aljihu yana kallon allo yana tuƙi da hannu ɗaya. Amma gara ba ta nufin lafiya. Kuma abin da sola ta ƙara a nan, in ka duba da kyau, ba alheri bane, da can mutuwar batir ita ce kaɗai ke raba wasunmu da kira, dole ka cire ka jona ka samu awa ɗaya kai da hanya kawai, yanzu an zo ana mana alƙawarin abin da ba ya mutuwa. Na'urar da ake yabo saboda ba sai ka cire ta ba, ita ce kuma ya kamata direba ya fara cirewa.

In ba a kan tuƙi ba kuwa, ba ni da faɗa da shi ko kaɗan. Makanike da ke ƙarƙashin mota hannu duk baƙin mai, uwa da ke riƙe da jariri, mai girki, wanda hannunsa ke da lalura, tela a kan keke, duk waɗannan abin ya sauƙaƙa musu rayuwa, in rana ta ƙara musu kwana biyu ba caji to madalla. Sai dai a tausaya wa kunnen, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da matasa biliyan 1 na cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraron sauti, kuma mai aikin waje shi ya fi ƙure murya dan ya rinjayi hayaniyar titi, a kunne ɗaya kullum, shekara da shekaru. Ga kuma ɗan abin haushin nan da ka yi wa mutum sallama ya amsa da fara'a har ka fara tambayar iyali sai ka ga ashe ba da kai yake ba, wannan kam ko da sola ko babu mun riga mun shiga.

Na biyun da nake amfani da shi yanzu a bakin taga yake kwana, ya sha hasken safe kafin rana ta yi zafi in ɗauke, sati guda sau ɗaya ko biyu in jona shi a caja kamar kowane, in na shiga mota kuma aljihun gaba nake jefa shi in rufe, wanda ya kira ya jira in tsaya. Ranar da zan saye shi na tambayi mai sayarwar ko batirinsa na fita in ya mutu, ya karɓi kwalin ya juya gaba ya juya baya ya karanta har ƙananan rubutun, sannan ya ɗago ya ce min "Gaskiya Malam tun da nake sayar da su kai ne na farko da ya taɓa tambaya."